Tafintar Baba

Talata, bayan azahar

An sallamo Baba daga asibiti yau, bayan kwana goma sha ɗaya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, miyau na bin gefe. Ni da Baffa, ƙaninsa, muka ciccibo shi daga mota, Inna na biye da mu da filo da ledar magunguna. Mutumin da in ya yi gyaran murya a ƙofar gida har kajin maƙwabta ke shiga taitayinsu, yau ga shi a hannuna. Nauyi gare shi kuma, bayana har yanzu ciwo yake.

Na rufe shago, na kwaso keken ɗinkina na kafa a falo. Ba don ina so ba. Yaya ya rasu shekara huɗu ke nan, ni kaɗai na rage musu. Ni Daƙiƙiya. Sunan da Baba ya raɗa min ke nan, ban taɓa jin na yanka a bakinsa ba.

Kafin mu fito likita ya tsayar da ni a baranda. Ya ce cutar wurin magana ta taɓa, ba wurin hankali ba. Yana ji, yana ganewa sarai, kalmomin ne ba sa zuwa. Ni kaɗai ya gaya wa. Ban samu sukunin gaya musu ba, hidima ta yi yawa.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Baba ya yi magana.

Tun da ya faɗi ba a ji komai a bakinsa ba sai gurnani. Yau hadari ya haɗo, ruwa ya kece, Baffa ya maƙale a gidan yana jira ya tsagaita. Baba ya kalli taga, ya ja numfashi, ya ce, “Raining cats and dogs.” Tar, sai ka ce yana gaban allo.

Inna ta ce, “Me ya ce?”

Wallahi wasa na yi niyya. Na ce, “Cewa ya yi ana ruwan kyanwoyi da karnuka.”

Baffa ya saki salati. Har da leƙa taga, bawan Allah. Ya dawo ya zauna yana girgiza kai, yana cewa ikon Allah, mutum ya mance harshen uwarsa ya kama ganin karnuka a sama.

Na buɗe baki zan ce musu ma’anarsa ruwa mai ƙarfi ne kawai, haka Turawa ke faɗa. Sai na dubi Baba. Ya kafe ni da idon nan nasa, idon da ke jiran amsa. Jikina ya jira saukar rula. Hannun rular kuwa yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba.

Na fasa gaya musu. Wani daɗi ya ratsa ni tun daga wuya har tafin ƙafa. Na rubuta ne don haka aka yi.

Asabar, da hantsi

Ina share ɗakinsa na ci karo da littafin. Mai baƙin bangon nan. Salon maganar Turanci guda ɗari biyu, idiyom in ji shi, da hannunsa ya rubuta, kowanne da lambarsa. Shekara talatin da biyar yana koyar da Turanci a sakandare, yana cewa duk wanda bai iya idiyom ba Turancin dako yake yi.

A gida ma ba mu tsira ba. Kullum bayan la’asar ni da Yaya mu tsaya a gabansa, hannu a miƙe, bayan hannu a sama. Ya kira lamba. Ka faɗi idiyom, ka faɗi ma’ana, ka kawo misali. In ka yi tuntuɓe, gefen rula a kan gaɓoɓin yatsu. Yaya ba ya tuntuɓe. Ni kuwa duk wanda na kuskure sai na kwafe shi sau ɗari, shi ya sa yau sun fi zama a kaina fiye da lambar wayata. Na bar makaranta a aji uku, ko jaridar Turanci ba na iya karantawa, amma ɗari biyun nan ko cikin barci aka tashe ni.

To ga abin dariya. Duk Hausar Baba ta tafi, duk Turancinsa ya tafi, ɗari biyun nan kaɗai suka rage masa. Inna ko zo na Turanci ba ta sani ba, Baffa kuwa tun yana yaro ya gudu kasuwa. Kaf gidan nan Daƙiƙiya ce kaɗai ke jin abin da yake faɗa.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Ya ce, “Under the weather.” Ba ya jin daɗin jikinsa ke nan. Kafin in buɗe baki Inna ta riga ta ɗauko bargo ta lulluɓa masa. Duk da haka na ce mata, “Wai yana ƙarƙashin yanayi.” Ta ce, “Allah Sarki.”

Litinin, bayan magariba

Baffa ya zo da shawara. Ya ce shi ya yi tambaya, wannan ba ciwon asibiti ba ne, kan ne ya taɓu. Akwai wani mai magani a bayan gari da ke ajiye irinsu, wata uku zuwa shida, wasu har shekara. A gaban Baba yake faɗa, yana nuna shi da baki kamar ana cinikin kujera.

Baba ya ɗaga hannun hagu ya ce, “Hold your horses.”

Lamba talatin da ɗaya. Ku dakata, kada ku yi gaggawa.

Baffa ya dube ni. Na ce, “Ya ce ku riƙe dawakinku.”

“Waɗanne dawaki? Ke, gidan nan an taɓa ɗaure ko jaki?”

Baba ya buga hannun kujera. “Barking up the wrong tree!”

Wannan kuwa lamba takwas ce, kun ɓata hanya, ba nan matsalar take ba. Na ce, “Wai kuna haushi a gindin bishiyar da ba ita ba.”

Baffa ya ɓata rai. “Ni ne mai haushin? Kin gani ko, Yaya, karnukan nan dai ba su bar shi ba.” Da Inna yake. Ita kuwa tana ninke wanki, ba ta ɗago ba. Wataƙila ta kunnen hagu maganar ta zo mata, wanda ba ya ji tun ina yarinya.

Ban yi ƙarya ba. Kalma da kalma na fassara, ban ƙara ba ban rage ba. Kowa ya duba littafin.

Laraba, da azahar

Yau ya riƙe kofin shayi da hannun hagu shi kaɗai, ya kai baki bai zubar ba. Ya dube ni yana haki, ya ce, “Piece of cake.” Abu mai sauƙi. Har da ɗan murmushi a ɓarin da ke motsi.

Na kusa yin dariya. Na kusa cewa sannu da ƙoƙari, Baba. A maimakon haka na ce wa Inna kek yake so. Ta aika aka sayo, ya kawar da kai, na cinye a gabansa.

Alhamis, ƙarfe shida na safe

Ban samu sukunin gaya musu ba.

Juma’a, bayan la’asar

Aikin jinya ba ya ƙarewa. Wanke zanin gado sau biyu a rana, juya shi kada baya ya yi gyambo, ba shi abinci cokali-cokali. Ina yi masa duk, ba na ha’inci. Ruwan wanka ma sai na taɓa da gwiwar hannu in ji ɗuminsa. Babu wanda zai ce Daƙiƙiya ba ta kula da ubanta. Matan da ke kawo min ɗinki sai sa albarka suke.

Ina yanke masa farce yau ya tsaya yana kallon ƙaramin yatsana na hagu. Na bar shi ya kalla. Na ma ƙara matso da shi. Wannan yatsan ba ya lanƙwasawa, in ina tura yadi a keke sai in ɗaga shi sama kamar mai yanga. Abokan aiki na yi min tsiya da shi, ina taya su dariya.

Ya ce a hankali, “Spill the beans.”

Faɗi abin da kike ɓoyewa. Inna na bakin ƙofa. Na ce, “Wai a zubar da wake.” Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce ai ba wake a gidan, ta wuce kicin.

Lahadi, da yamma

Baffa ya tafi da ni mu ga wurin. Ya ce ni mai jinya ce, gara in gani da idona.

Gida ne mai dogon bango, kwalabe a kafe a samansa. Mai maganin mutum ne mai fara’a, ya ba mu ruwa, ya yi ta ba mu labarin waɗanda suka warke. Ya nuna mana ɗakin da za a ba Baba. Ba taga, sai wani rami a sama da ko kan yaro ba zai shiga ba. Tabarma, bokiti. A tsakiyar daɓen akwai zoben ƙarfe. Na tambaya na mene ne, ya ce na masu gardama ne, Malam ai ba zai buƙata ba tun da ba ya tashi. A ɗakin kusa wani na ta kiran sunan wata mace, bai huta ba har muka fito.

Ya ce watan farko ba a zuwa dubiya, ganin ’yan uwa na dawo da ciwon baya.

A mota Baffa ya ce, “Ya kika gani?” Na ce wurin da tsabta.

Na dawo na yi amai a bayan gida. Zafin mota ne.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Gobe zan gaya musu. In Baffa ya zo.

Talata, bayan magariba

Baffa ya zo. Ya zo da lemo. Mun yi hira a kan tsadar yadi.

Laraba, bayan azahar

Yau gabana ya faɗi. Mai kemis ɗin bakin titi ya kawo maganin hawan jini da kansa, wai yana so ya gaida malaminsa. Ashe Baba ya koyar da shi. Sau uku ina sallamar tsofaffin ɗalibai a ƙofa da cewa yana barci, wannan ya shigo ina bayan gida.

Na tarar da shi durƙushe. Ya ce, “Malam, ya jiki?”

Baba ya ce, “In hot water.”

Mai kemis ya miƙe tsaye zumbur, mutum mai furfura a gemu, ya sa hannu a baya. “Lamba sittin da biyar. Ma’ana, mutum na cikin matsala.” Sannan ya fashe da dariya, hawaye na zubo masa. Baba ma kuka yake, kafaɗarsa ɗaya na rawa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar jana’izar Yaya.

Suka yi ta yi kusan rabin awa. Baba ya jefa, shi ya cafe. Ni ina falo ina taka keke da ƙarfi, har na karya allura.

Da zai tafi ya ja ni gefe. “Na ji ana cewa za a kai Malam gidan mahaukata. Haba! Mutumin nan ya fi ni da ke hankali. Duk abin da ya faɗa a kan hanya yake. Ke ba ki gane ba?”

Na ce ni a aji uku na tsaya.

Ya ce, “Ayya, ba laifinki ba ne. Yaushe za a tafi da shi?”

Baffa ya riga ya tsayar da rana, Juma’a da safe. Na ce, “Lahadi.”

Ya ce to shi zai je sarin magani, sai Juma’a da yamma zai dawo, Asabar da sassafe zai zo ya zauna da Baffa ya yi masa bayani. Na yi masa godiya. Na raka shi har ƙofa, na ce Allah ya saka.

Wannan ba fassara ba ce. Na sani.

Laraba, bayan la’asar

Inna ta tafi gaisuwar rasuwa, daga ni sai shi. Lokacin tsayuwarmu ne na da, rana ta faɗo kan bangon nan daidai inda take faɗowa. Ina goge masa baki ya kama min hannu da hagunsa. Akwai sauran ƙarfi.

“Bury the hatchet.”

Lamba arba’in da bakwai. Kalma da kalma, a binne gatari. A cikin ɗari biyun nan, sai wannan ya zaɓa. Ko ya tuna, ko bai tuna ba, ban san wanda ya fi ba ni haushi ba. Ina ’yar shekara goma sha ɗaya. Na faɗi idiyom daidai, ma’anar ce ta ɓace min. Ranar rular ta karye, ya ɗauko abin da ke kusa. Inna ta shigo tsakani. Ba zan rubuta sauran ba.

Na zare hannuna. Na je gabansa na tsaya, na miƙa hannaye, bayansu a sama, yadda ya koya mana.

Na ce, “Lamba arba’in da bakwai. Bury the hatchet. Ma’ana, a yi sulhu, a bar tsohuwar gaba. Ka ga na iya, Baba? Shekara ashirin da bakwai, na iya.”

Ya gyaɗa kai da sauri, idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauka an gama.

Na ce, “Saura misali. Misali, tsoho ya so a yi sulhu da ya ga ba ya iya ɗaga hannu.”

Ya rufe ido. Na ce, “Daidai ne ko in kwafa sau ɗari?”

Sannan na ɗumama masa shayi, na sa sukari yadda yake so, na ba shi. Ya sha. Me zai yi in bai sha ba?

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Ko a jikina. Na yi barcina lafiya lau.

Alhamis, bayan azahar

Baffa ya zo da wasu dattawa biyu na dangi, don kada a ce shi kaɗai ya yanke. Ɗayansu mai hankali ne, ya ce shi dai a tambayi mai jikin. Ya matsa kusa ya ce da ƙarfi, kamar Baba kurma ne, “Malam, za a kai ka magani gobe. Ka yarda?”

Baba ya tattara duk abin da ya rage masa. Jijiyar wuyansa ta miƙe. “Over my dead body!”

Duk suka juyo gare ni.

Wannan ko kalma da kalma na fassara za su gane. Sai dai a bi ta kan gawata. Ko yaro ya san mai faɗin haka ya san abin da ake ciki.

Na ce, “Wai akwai gawa a saman ɗakin.”

Dattijon ya ja da baya har yana tuntuɓe da takalmi. Aka yi ta salati. Baffa ya ce, “To kun ji da kunnenku.” Baba ya yi ta buga kujera yana maimaitawa, miyau na fantsama, yana nuna ni, yana nuna bakinsa. Iya ƙoƙarinsa iya kama da mahaukacin da suke faɗa. Sai da Baffa ya danne masa hannu.

Inna na zaune a kan darduma da carbi. Na saci kallonta. Ina jira wani ya ce ke, ƙarya kike. Wallahi ina jira. Da mutum ɗaya ya ce haka da na faɗi komai.

Ba wanda ya ce.

Alhamis, bayan magariba

Na haɗa masa kaya. Riguna huɗu, bargo, maganin hawan jini, kofinsa. Na sa littafin mai baƙin bango, na ciro, na mayar, na sake cirowa.

Na shiga ba shi abinci. Bai kalle ni ba. Ya ce da bango, “Throw in the towel.” Na sallama, na haƙura.

Ba kowa a ɗakin, ba wanda zan fassara wa.

Juma’a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

An tafi da shi.

Bai yi gardama ba. Ni da Baffa muka ɗauke shi kamar ranar da muka kawo shi, sai dai ya rage nauyi. Maƙwabta sun fito suna Allah ya ba da lafiya. Na gyara masa filo a kujerar baya, na tura masa ƙafar da ta shanye ciki. Zan ja jiki ke nan ya ɗago ya dube ni. Ba fushi a idon. Kallo ne na sama da ƙasa, irin wanda yake wa Yaya in ya kawo sakamakon jarrabawa.

Ya ce, “A chip off the old block.”

Ya gyaɗa kai sau biyu. Baffa ya rufe ƙofa.

Na tsaya har motar ta sha kwana. Sannan na zauna a dakalin ƙofar gida.

Juma’a, bayan la’asar

Na shigo na tarar Inna ta buɗe tagogin ɗakinsa duka, ta fitar da katifa rana, tana share ƙarƙashin gado. Tana ’yar waƙa ƙasa-ƙasa. Rabon da in ji Inna na waƙa har na manta.

Ba ta tambaye ni abin da ya ce ba, ni ce na kasa riƙewa. Na ce, “Inna, kin ji abin da ya faɗa a mota? Wai ɓarbashin itace daga tsohon kututture.”

Ba ta daina shara ba. Ta ce, “A’a. Wannan shi yake gaya wa yayanki in ya burge shi. Ɗa ya ɗauko ubansa sak, ba abin da ya bari.”

Na ce, “Wa ya gaya miki?”

Ta jingina tsintsiya. “Ke, shekara nawa ina tsugune a bayan ƙofar nan kuna tsaye? Kullum bayan la’asar. Kina kwafa sau ɗari kina karantawa da ƙarfi kina kuka, ni ina tsince shinkafa. Dawaki, a dakata. Wake, a faɗi gaskiya. Gatari, a yi sulhu.” Ta taɓa kunnenta na hagu. “Wannan na gatarin ai tare muka koye shi.”

Na ce, “Kin san lafiyarsa ƙalau?”

“Tun ranar karnuka.”

“Me ya sa ba ki yi magana ba? Inna, jiya ina ta kallonki!”

Ta ce, “Na ga kina kallona.”

Na ce mu kira Baffa yanzu, ba su yi nisa ba, ko sun isa a juyo da shi. Na ce akwai zobe a daɓen ɗakin, Inna, ba taga. Na ce likita ya gaya min tun ranar farko. Ina faɗa ina kuka, majina da hawaye, kamar ina ’yar sha ɗaya.

Ta saurare ni har na gama. Ta ɗauki tsintsiyarta.

Ta ce, “Ni ai ba na jin Turanci. Ke ce tafinta. In kin kira Baffanki, sai ki gaya masa da bakinki abin da kika yi sati biyu kina yi, a gaban dangi. Ɗaga ƙafarki in share nan.”

Na ɗaga.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Mai kemis ya zo da sassafe kamar yadda ya ce, har da wani tsohon littafinsa na makaranta a hannu, wai zai nuna wa Baffa. Ina jin su daga falo. Inna ce ta buɗe masa. Ta ce an matso da tafiyar, jiya aka tafi, ita ma ba ta so ba. Ya yi ta salati. Ya ce ina ’yar Malam? Ta ce ba ta jin daɗi, tana kwance, yarinyar nan ta wahala da ubanta.

Ya ce Allah ya yi mata albarka, irinta sun yi ƙaranci.

Wayata na kan keke, lambar Baffa a buɗe. Tun jiya take a buɗe.

Asabar, bayan la’asar

Rana ta faɗo kan bango. Ba wanda zai kira lamba, na kira wa kaina.

Ɗari da tamanin da uku, ɓarbashin tsohon kututture. Na faɗi idiyom, na faɗi ma’ana, ban yi tuntuɓe ba. Shekara talatin da takwas ina jira ya yaba min sau ɗaya, jiya ya yaba.

Ban kira Baffa ba. Akwai ɗinkin mutane a gabana.